Eriyar rediyo da za a ɓoye a jikin babur: wacce ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Kurna nake zaune, kullum nakan tafi Kantin Kwari a kan babur ɗina roba-roba. Na sa masa 'yar rediyo mai Bluetooth da FM, da lasifika biyu a gaba. Sau biyu ana karya mini eriyar sanda a wajen ajiye babura, ta ukun ma kwance ta aka yi gaba ɗaya. Yanzu wadda ba a gani nake so. Na je Sabon Gari an nuna mini iri biyu: ɗaya ɗan baƙin akwati ne mai wayar wuta, an ce mai busta ce, ɗayar kuma siririyar waya ce kawai mai kan da ake cusawa a bayan rediyo. Mai bustar ta fi tsada nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka? Ƙarshen mako nakan je Bichi gaida mahaifiyata, ina son ta riƙa kamawa a hanya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma saka maka bisa wannan zumunci da kake yi wa Hajiya.

Ka fara da siririyar wayar nan mai araha. Kada ka taɓa mai busta sai ka gwada wannan ta gaza. A harkar eriyar ɓoye, inda ka ɗora ta ya fi kuɗin da ka saye ta muhimmanci, kuma ka yi sa'a, domin roba-roba ya fi kowane babur daɗin wannan aiki.

Bari in faɗa maka dalili, don kada wani ya juya ka a kasuwa. Tashoshin FM duka suna tsakanin mita 87.5 da 108. Kowace tasha tana da tsawon wayar da ya fi dacewa da ita, lissafin kuma ba wuya: ka raba 7500 da lambar tashar, abin da ya fito shi ne tsawon a santimita. Freedom Radio da ke kan 99.5 tana son kimanin santimita 75. Dala FM da ke 88.5 tana son 85, Pyramid da ke 103.5 kuma 72 da ɗoriya. Tunda ba za ka sa wa kowace tasha tata wayar ba, sai a tsaya a tsakiya, wato 75 zuwa 80, kamu ɗaya da rabi ke nan na babban mutum. Wannan ne ya sa eriyar sandar tsofaffin motoci take da wannan tsawon, ba don ado aka yi ta haka ba. To ka duba ɗan akwatin nan da aka nuna maka, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Abin da ke cikinsa guntuwar waya ce da aka lanƙwasa, abin da take kamowa kaɗan ne, sai aka haɗa mata busta don ya kumbura wannan kaɗan ɗin. Busta ba ya ƙirƙiro tashar da eriya ba ta kamo ba. Abin da ya samu shi yake ƙarawa, tasha da hayaniya gaba ɗaya.

A cikin birnin Kano ma bustan yakan zame matsala. Tashoshi sun yi yawa kuma suna kusa da kai: Arewa Radio a 93.1, Wazobia a 95.1, Cool FM a 96.9, Rahma a 97.3, ga sauran. Idan ƙarfinsu ya taru ya shiga busta mai araha sai ya sha kansa, ka ji kana sauraron tasha ɗaya wata tana leƙowa ta ƙarƙashinta, ko ka tarar da tasha a lambar da ba tata ba. Mutane sukan ɗauka rediyon ce ta lalace, alhali ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Yanzu maganar wurin ɗorawa, wadda ita ce gaba ɗayan aikin. Ƙarfe yana tare igiyar rediyo, roba ba ta tarewa. Duk eriyar da aka kwantar a jikin shasi, ko aka tura ƙarƙashin tankin ƙarfe, an kashe ta tun kafin a kunna. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini Boxer ɗinsa, ya sayi mai busta mai tsada, wanda ya ɗaura masa ya manna ta a ƙarƙashin tanki daidai kusa da kwayil, don dai kada a gan ta. Ba a gan ta ba kam, amma ko tashar da ke cikin gari da ƙyar take fita. Muka cire ta, muka zagaya waya ta santimita 75 a cikin akwatin robar da ke kan kariyarsa, nan take tashoshi suka dawo tar. Raina ya ɓaci da kuɗin da ya zubar, domin mai ƙaramin ƙarfi ne, kuma da an yi masa bayani na minti biyu da bai kashe su ba.

A naka babur ɗin, wurin da ya fi shi ne cikin robar gaba, wadda take kare ƙafafu. Tana da tsawo, tana tsaye, kuma akwai tazara tsakaninta da ƙarfe. A kwance robar, a miƙe wayar daga ƙasa zuwa sama a jikinta ta ciki, a bar aƙalla faɗin yatsu uku tsakaninta da duk wani ƙarfe. In tsawon bai isa ba ana iya lanƙwasa ƙarshen ya bi ta ƙarƙashin gidan fitila, amma kada a naɗe ta kamar gammo. Wayar da aka naɗe ta zama gajeriya a wurin rediyo, ko da kamu biyar ce. Ƙarƙashin sit shi ne wurin da masu ɗauri suka fi so saboda sauƙi, ni kuwa ba na sonsa: ƙarfe a ƙasa, kai kuma kana zaune a sama, jikin ɗan Adam ma yana shanye igiyar.

Ka lura da wani abu idan ka karɓi wayar a hannu. Tana da kashi biyu. Kashin da ke kusa da kan da ake cusawa a rediyo yana da kauri, domin akwai saƙar ƙarfe da ta lulluɓe wayar tsakiya. Wannan kashin ba ya kamo komai, aikinsa rako tasha zuwa rediyo ba tare da ta kwaso hayaniya ba, shi kam ana iya bin jikin shasi da shi. Siririn kashin da ya fito bayan saƙar ta ƙare, shi ne eriyar, daga nan ake auna santimita 75 ɗin. In akwai ɗan kunnen ƙarfe mai huda a mahaɗar, a ɗaure shi da noti a jikin shasi, a kankare fenti da tsatsa tukuna. Eriya irin wannan rabi ce, ƙarfen babur shi ne ɗaya rabin. A mota ƙarfen jikinta mai faɗi ne ke yin wannan aiki, babur kuwa ba shi da yawan ƙarfe, saboda haka kada a yi sakaci da ɗan abin da ke akwai. Ka kuma tafi da rediyon ko hoton bayanta kasuwa, domin ramin eriya ba iri ɗaya ba ne, wasu ƙananan ma ba su da rami, waya ce kawai ta leƙo, sai dai a yi soda.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a sa gam ko a mayar da roba, a manna wayar da salatif, a kunna rediyo inji yana kashe, a nemi tashar da ta fi rauni a inda kake. Ka hau babur ɗin ka zauna yadda kake tuƙi, ka juya kan hagu da dama ka tabbata ba ya jan wayar. Sannan a tayar da inji. A nan ne mutane da yawa suke zagin eriya a kan laifin da ba nata ba. Idan ka ji tas-tas-tas da ke ƙaruwa in ka murɗa totur, daga fulogi ne ko kwayil ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi. Maganinsa fulogi mai rizisto a ciki. A na kamfanin NGK harafin R a cikin lambar shi ne alamar, misali CR7HSA maimakon C7HSA, amma ka bar bakanike ya zaɓo lambar da ta dace da injinka. A kuma nisanta wayar eriya daga wayar fulogi. Idan kuwa shuuu ne mai ɗorewa, ka zare cajar waya ta USB, ka kashe fitilar LED ɗin da aka ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Masu arahar cikinsu suna fitar da hayaniyar da takan danne FM, na sha ganin an canja eriya sau biyu alhali caja ce mai laifin.

Game da hanyar Bichi, ba zan yi maka alƙawarin da eriyar ɓoye ba za ta iya cikawa ba. FM kusan a miƙe take tafiya daga dogon ƙarfen tasha, kana nisa tana raguwa. Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, wannan yana taimakawa, manyan tashoshi za su raka ka, amma ƙananan za su fara yankewa da wuri fiye da lokacin da kake da sanda. Ka yi tafiyar sau ɗaya da wayar. In tashar da kake so ta riƙe har gida, magana ta ƙare. In ba ta riƙe ba, a nan ne busta yake da amfani, domin ka bar cunkoson tashoshin birni. Sai dai a haɗa wutarsa a layin da makulli ke kunnawa, da fiyus, ba kai tsaye a kan batir ba. Wutar da yake ci kaɗan ce, amma batirin babur ƙarami ne, in ka ajiye shi kwanaki za ka tarar ya yi sanyi. Kada kuma a ɗauko daga wayar babbar fitila, domin a ƙananan babura da yawa wutar fitila daga inji take zuwa kai tsaye ba ta batir ba, ba irin wadda busta ke so ba ce. In da hali a sa masa ɗan makunni nasa, ka kashe a gari, ka kunna in ka wuce Dawanau.

Ni da babur ɗina ne, ga abin da zan yi: waya a ɓoye don zirga-zirgar gari, sannan gindin eriya mai zare irin na noti a kan kariya, da gajeriyar eriyar roba mai lanƙwasuwa wadda ake murɗawa a cire a jefa a jaka. Ranar tafiya a murɗa ta a sauya kan da ke bayan rediyo, a kasuwa kuma ba abin da mai ɗauka zai gani sai ɗan noti.

Idan kana da sha'awar Rediyon Kano na matsakaicin zango, wato AM, wanda ke kan 729 (0.729 ke nan a ma'aunin lambobin FM), kada ka sa rai da eriyar ɓoye. Da irin lissafin can, wannan tashar waya mai tsawon fiye da mita 100 take so, kuma yawancin 'yan rediyon babur ɗin nan ba su da AM sam.

Abu na ƙarshe shi ne ɗauri. Gam ɗin da ke zuwa a bayan waɗannan kaya ba ya jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu, wata biyu ya saki. A goge robar ta bushe, a kama wayar da igiyar roba mai zugewa ko gam mai ƙarfi a wurare huɗu ko biyar, a rufe mahaɗa da bakin wayar da kyau saboda ruwan Agusta da na masu wankin babur. A nisanta ta da kan inji da salansa. In an gama, ka sake kunna tashar nan mai rauni bayan an mayar da robar, domin wani lokaci garin ɗaure noti wayar takan zame ta jingina da ƙarfe.