Alhaji, kafin ka ɗebi kuɗin shago ka zuba a kulob ɗin ƙwallon kwando

Wani Alhaji mai dilan kayan masarufi ne ya turo min tambaya, yace yaran unguwarsu suna da kulob na ƙwallon kwando, sun iya wasa sosai amma ba su da mai tsaya musu, shi kuma yana da kamar naira miliyan 15 da yake tunanin cirewa daga shago ya karɓi kulob ɗin gaba ɗaya ya riƙa biyan yaran albashi, shin wannan kasuwanci ne da zai dawo da kuɗi ko kuwa?

Toh Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan niyya, gaskiya ta burge ni. Amsar a taƙaice ita ce kada ka taɓa uwar kuɗin shagonka. Amma bari in baka labarin wani ƙaramin kulob a Amurka, saboda duk abin da zan faɗa maka yana cikin tarihinsa.

Sunansa Sioux Falls Skyforce, yana garin Sioux Falls a jihar Dakota ta Kudu, gari ne mai tsananin sanyi wanda ko yanzu mutanensa wajen 200,000 ne kawai, kaga ko wata ƙaramar hukuma ɗaya a cikin Kano ta fi shi jama'a. An kafa kulob ɗin a 1989 a ƙarƙashin wata gasa da ake kira CBA, wato gasar ƙwararru da ke ƙasa da NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, inda ƴan wasan da ba su samu shiga babbar gasa ba suke bugawa suna jiran a kira su. Ƙananan kulob irin wannan a Amurka yawanci shekara uku huɗu suke yi su mutu ko su canza gari, amma shi wannan yana nan a gari ɗaya da suna ɗaya sama da shekara 30, babu wani ƙaramin kulob ɗin kwando a ƙasar da ya kai shi daɗewa. Sun ci kofin CBA a 1996, suka sake ci a 2005.

Tsakanin kofunan nan biyu ne abin da nake so ka kula da shi ya faru. A 1999 Isiah Thomas, tsohon tauraron Detroit Pistons, ya sayi gasar CBA ɗungurungum da kulob-kulob ɗinta akan dala miliyan 10, ya zama masu kulob na kowane gari sun sayar sun koma gefe, komai daga ofis ɗaya ake juya shi. A 2000 sai ya samu aikin kocin Indiana Pacers, dokar NBA kuma ba ta yarda koci ya riƙe gasar da ake ɗauko ƴan wasa daga cikinta ba, dole ya cire hannunsa, mai saye bai samu ba, ita NBA ɗin ma ta sanar da cewa za ta buɗe tata ƙaramar gasar. Watan Fabrairu na 2001, ana tsakiyar kakar wasa, CBA ta durƙushe, gasar da aka fara tun 1946. Ka duba fa, Skyforce ba su yi laifin komai ba, ƴan kallonsu na zuwa, ƴan wasa na nan, amma wanda ke samansu ya faɗi ya tafi da su. Abin da ya cece su shi ne mutanen garin da suka san kulob ɗin sun sake karɓarsa, suka ƙarasa kakar a wata gasa mai suna IBL, ita ma ba ta kai labari ba ta rufe a shekarar, sannan suka koma CBA da aka sake farfaɗowa da ita.

Wannan shi ne haɗarin farko da ɗan kasuwa ba ya gani. A shagonka in ka buɗe ƙofa da safe ka sa kaya za ka yi ciniki, ba ka jiran izinin kowa. Kulob kuwa ba ya iya buga wasa shi kaɗai, sai da gasa, sai da jadawali, sai da alƙalan wasa da sauran kulob da za su zo. Kuma duk mai bibiyar ƙwallon kwando a Najeriya ya san yadda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, da ya ɓarke a 2017 ya dagula gasar cikin gida, manyan kulob ma irin Kano Pillars sun ji a jikinsu balle naka da zai fara yanzu. In aka ce babu gasa bana, albashin yara ba zai tsaya ba, kuɗin filin atisaye ba zai tsaya ba, kai ne za ka riƙa biya babu abin da ke shigowa.

A 2006 masu Skyforce suka yi abin da nake ganin shi ne mafi hikima a tarihinsu, suka bar CBA tun tana numfashi suka shiga ƙaramar gasar NBA wadda a lokacin ake kira D-League, yanzu G League. A 2009 CBA ta rufe gaba ɗaya. Sai a 2013 suka ƙulla yarjejeniya da Miami Heat, babban kulob ɗin NBA da ke nesa da su sama da kilomita 2,000, aka raba aiki, Miami ta ɗauki harkar wasa, su koci da zaɓen ƴan wasa, mutanen gari kuma suka riƙe harkar kasuwanci, tikiti da talla da hulɗa da kamfanonin garin. A shekarar suka bar tsohon filinsu da ya fi girma suka koma Sanford Pentagon mai ɗaukar mutum wajen 3,250, wanda wani kamfanin asibitoci na yankin ya gina. Kakar 2015 zuwa 2016 suka ci wasa 40 cikin 50 suka ɗauki kofi, a 2017 Miami ta sayi mafi yawan hannun jarin kulob ɗin.

Yanzu ka tambayi kanka me yasa Miami za ta zuba kuɗi a kulob ɗin da ɗakin wasansa ko ya cika maƙil mutum dubu uku ne da ɗoriya? Ba don kuɗin ƙofa bane wallahi. A 2018 albashin ɗan wasan G League dala 35,000 ne a kaka ɗaya ta wata biyar, kuɗin da a NBA ba a ma lissafa shi. Duncan Robinson, wanda babu kulob ɗin NBA da ya zaɓe shi a 2018, a Skyforce ya goge, a 2021 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 90 na shekara biyar da Miami. Gabe Vincent ma, namu na D'Tigers, tawagar kwandon Najeriya, da ya ci maki 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021, ya taka wasa a Skyforce. Wato ribar ƙaramin kulob a jikin ɗan wasan da ya raina take, kuma wanda ke da babban kulob a sama shi ne yake cin wannan ribar. Kai in ka raini yaro shekara uku da kuɗinka ba tare da takarda ba, ranar da wani kulob ko wata makaranta a waje suka ɗauke shi, addu'a da godiya kawai za ka samu, kuma ba laifinsa bane, ba ku rubuta komai ba.

Don haka ga yadda nake ganin za ka yi. Ka ware abin da za ka iya bayarwa duk shekara daga riba, bayan ka fitar da zakka ka cike gurbin kayan da suka ƙare, adadin da ko bai dawo ba shago ba zai girgiza ba, in miliyan 2 ne toh miliyan 2, ka rubuta shi a littafi a matsayin kuɗin talla. Sunan shagonka ya hau jesin yaran, ya hau allon filin, duk wasan da za su je sunanka na tafe, wannan ita ce ribar da za ka iya gani da idonka a shekarar farko. Kada ka fara da albashi, albashi in ka fara ba ka isa ka tsaya ba sai da ɓacin rai, ka fara da alawus na wasa da kuɗin mota da abinci da ƙwallaye da takalma, sai kuɗin magani in wani ya ji ciwo, wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi kuma shi ne yake zuwa ba sallama.

A yi wa kulob rajista a CAC da asusunsa na banki daban, kada kuɗin kulob ya bi ta aljihun shago ko sau ɗaya, saboda ranar da suka cakuɗe ba za ka san wanne ke cin wanne ba sai ka ga kanta ta fara yin fili. Kuma kada ka zama kai kaɗai, ka nemi mutum uku ko huɗu cikin abokan kasuwarka kowa ya ɗauki ɓangare, wani mota wani jesi wani masauki, in ɗaya ya samu matsala sauran su riƙe. Yaran da suka kai shekara 18 a yi musu kwantiragi a rubuce a gaban lauya, waɗanda ba su kai ba da sa hannun iyayensu, a faɗi abin da kulob zai samu in wani ya ɗauke su.

Kafin ka bada ko sisi ka zauna da kocin ya kawo maka lissafin abin da suka kashe a kakar da ta wuce, wasa nawa suka buga, a wace gasa, wa ya shirya ta, kuma an gama ta ko a hanya ta tsaya. Ka turo min abin da ya baka mu duba tare, daga nan sai mu fitar da adadin shekarar farko.