Wace makaranta za ki kai shi? Abin da na gani a kan ɗana

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce an yi wa ɗanki mai shekara 4 da rabi gwajin girma da fahimta, aka ga ya wuce tsaransa wajen haɗa hotuna da gane siffofi, amma yana baya a magana da riƙon fensir. Kina kuma tambaya ko ki kai shi babbar makarantar kuɗi mai Faransanci da Turanci, ko ki bar shi a ƙaramar matarnel (makarantar share fagen firamare) ta unguwarku. Na sha wannan zullumin a kan ɗana na biyu a nan Garwa ta Kamaru, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kafin zancen makaranta, ki koma ki tambayi wanda ya yi gwajin da wane harshe ya yi wa yaron magana. Namu da Faransanci aka yi, alhali Hausa yaron yake ji a gida, a waje kuma Fulatanci, don haka an tambaye shi sunayen abubuwan da ya sani sarai amma da harshen da bai saba da shi ba. Jin harsuna biyu ko uku ba ya jawo jinkirin magana, sai dai in za a ƙirga kalmomin yaro, dole a haɗa na duk harsunan da yake ji. Sannan ki sa a auna jinsa. Mu sai daga baya likitan kunne ya gano ruwa ya taru masa a bayan dodon kunne, yana jin magana kamar daga cikin tulu. Idan ɗanki ya taɓa yin sanƙarau ko yawan ciwon kunne, kada ki jinkirta wannan.

Kuskuren da na yi shi ne bin suna. Na ga takarda ta ce yana da kaifin basira, sai na kai shi makarantar da kowa yake yabo. Ranar da na je ɗaukarsa da wuri na leƙa ta taga, na ƙirga yara sun haura 60, malama tana magana fuskarta a allo, shi kuwa yana can baya yana jera murafen kwalba daga ƙarami zuwa babba. Kullum littafinsa da jan biro yake dawowa, har ya fara kuka in ya ga an ɗauko rigar makaranta. Ba na zargin malamar, domin babu mai iya lura da yaro guda a cikin wannan taron.

Da muka sauya, ban ƙara duba fentin gini ba. Na roƙi izini na zauna a aji na sa'a ɗaya, na ga malamar tana durƙusawa daidai tsayin yaro, ta faɗi umarni ɗaya gajere, ta jira amsa, in ya kakare kuma ta taimaka masa da Fulatanci. Na nuna mata takardar gwajin, sai ta ce za ta zaunar da shi a gaba, ta ba shi yumɓu da zaren duwatsu kafin fensir. A nan zuciyata ta kwanta. Ki nemi ganin malamar da za ta riƙe shi da kanta, kada ki tsaya a ofishin darakta.

Akwai kuma batun shiga SIL, wato ajin farko na firamare a tsarin Faransanci, a shekara 6. Aji ne da aka fi mayar da hankali a kan koyon harshe, saboda haka yaron da maganarsa ba ta nuna ba yakan wahala a cikinsa. Mun bar namu ya maimaita ajin ƙarshe na matarnel duk da surutun dangi, kuma ban yi nadama ba. Idan har likita ya tabbatar da wata naƙasa, dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi sassauci a kan shekarun shiga aji.

Sakamakon gwaji a wannan shekarun yakan sauya, don haka ki sake yi bayan shekara guda. Kafin a koma makaranta a Satumba kuwa, ki ziyarci makarantun biyu tare da shi, ki lura a wace harabar yake sakin hannunki. Allah ya raya mana su.