Likita ya ce fatata ta yi sauƙi, amma har yau ban iya zura zare a allura ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ce a Daura, shekarata 41. Shekara uku ke nan da aka ce ina da sikilorodama, ciwon da ke sa fata ta taurara. Zuwana asibiti na ƙarshe likita ya mammatsa jikina ya ce makin ya sauko daga 24 zuwa 17, wai an samu sauƙi. To ni dai ba na iya zura zare a allura, ba na iya tuƙa tuwo, ɗankwali ma sai 'yata ta ɗaura mini. A gida an fara cewa son jiki ne. Akwai hanyar da ake auna abin da ciwon ya hana ni yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Hanya akwai, kuma ba son jiki kike ba. Likitanki ya faɗi gaskiya, ke ma kin faɗi gaskiya, sai dai abu biyu daban kuke aunawa.

Abin da ya yi miki shi ne awon Rodnan. Ana tsungular fata a wurare 17, daga fuska da ƙirji da ciki zuwa yatsu, hannuwa, cinyoyi da ƙafafu, kowane wuri a ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimilla mafi yawa 51. Kaurin fata kawai yake nunawa. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke rikicewa ta sa jiki ya riƙa tara tabo a fata, a jijiyoyin jini, wani lokaci har huhu da hanji. Bayan 'yan shekaru fatar takan fara laushi, amma yatsan da ya riga ya lanƙwashe ya sandare ba ya miƙewa don fatar damtse ta saki. Shi ya sa maki zai sauko, allura kuma ta ci gaba da gagarar ki.

Awon da kike nema sunansa HAQ. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka tsara shi a 1980, tambayoyi ne 20 a fanni 8: sa tufafi, tashi daga zaune, cin abinci, tafiya, tsaftar jiki, miƙa hannu, damƙar abu, da hidimar yau da kullum. Kowace tambaya ki ce ba wuya, ko da ɗan wuya, ko da ƙyar, ko ba kya iyawa sam, wato maki daga 0 zuwa 3. A 1997 likitoci biyu, Steen da Medsger, suka ƙara masa tambayoyi don masu irin ciwonki, kan sanyin yatsu, gyambon bakin yatsa, ciki da numfashi. Akwai kuma wani awon da ake kira Cochin mai tambayoyi 18 kan hannu zalla, da wani mai 12 kan baki.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Takardar HAQ tana tambaya ko kina iya yanka nama a faranti, ko buɗe kwalin madara, ko shiga bahon wanka ki kwanta. Na sha ganin mace ta amsa "ba wuya" don abin ba ya cikin rayuwarta, sai makinta ya fito kamar lafiyayya. Wata kuma ta ce tana sa kaya lafiya lau, sai da na ƙara tambaya na gane ƙanwarta ce ke ɗaura mata zani kullum. A ƙa'idar awon, wanda ake taimaka wa makinsa ba ya zama ƙasa da 2 a wannan fanni. Kunya da "alhamdulillahi" suna ɓoye mana abubuwa da yawa. Godiya ga Allah wajibi ce, amma ki yi ta sannan ki faɗi abin da ya gagara.

Ni abin da nake yi, nakan ajiye takardar in ce a kai ni daga asuba. Kina iya ɗaga buta cike da hannu ɗaya? Ruwan randa in ya taɓa yatsunki, minti nawa suke yi kafin su dawo daidai? A sujada tafinki na shimfiɗuwa a ƙasa ko a dunƙule kike dafawa? Kina murza carbi? Kina matse wanki? Lomar tuwo na shiga, ko sai kin gutsura ƙanana? Daga nan in ɗauko rula: ki dunƙule hannu in auna tazarar da ta rage tsakanin bakin yatsa da tafi, ki wangale baki in auna tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ƙasa da santimita 4 alama ce baki ya fara tsukewa. Waɗannan lambobin su ake bi wata bayan wata, su ne kuma masu gashin ƙashi za su yi aiki da su wajen koya miki motsa yatsu da baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari a 2001 da ya ce nakasa ba a jiki kaɗai ake duba ta ba, har da aikin da mutum ke yi da muhallin da yake ciki. Ke shaida ce. Hannunki na watan Afrilu ba shi ne na Janairu ba, lokacin da hunturun Daura ke busawa. Don haka a auna ki a yanayi biyun. Ruwan ɗumi a fulas don alwalar asuba, safar hannu, ɗan ƙarfen zura zare, tsumma da aka naɗa wa muciya don ta yi kauri, duk suna iya rage nakasar ba tare da fata ta canza ba. In yatsa na da gyambo, ki tambayi malami hukuncin taimama.

Abin da ya fi damuna ba ki ambace shi ba, wato numfashi. Idan kina haki a tafiyar da da ba ta gajiyar da ke, ko tari busasshe ya ƙi tafiya, ki faɗa. A yi miki awon tafiyar minti 6, gwajin hura iska da hoton zuciya, a kuma maimaita su duk shekara ko da kina jin daɗi, don huhu kan lalace shiru. Ki riƙa auna hawan jini a kai a kai. In ya haura kwatsam tare da ciwon kai ko raguwar fitsari, ranar za ki tafi asibiti, domin ƙoda ce. Kada ki sayi maganin prednisolone a kemis don ciwon gaɓoɓi, yawansa na jawo wannan matsalar.

Kafin ranar komawarki, ki sa 'yarki ta rubuta ayyuka biyar da suka fi damun ki, kowanne da makinsa daga 0 zuwa 3, ki roƙi likita ya sa a fayil. In ana buƙatar gwajin da babu a kusa, ki nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kuma ki taho da maigida ko wata babba daga gidan. Su tsaya a wurin a miƙa miki allura da zare, su ji daga bakin likita cewa ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kuma saukar maki daga 24 zuwa 17 ba warkewa ba ce.