Amsa: tawada tana damewa a kan takardar belum

'Yar'uwa, kin ce idan kika gauraya launuka a kan belum, takardar nan mai shara-shara, don haɗa katin gaisuwa, sai tawadar ta dame, takardar kuma ta lanƙwashe. Matsalar daga takardar take. Belum ba ta shan tawada kamar kwali, a samanta take zama har iska ta busar da ita, kuma danshi kaɗan ma yana murɗa ta.

Ki juya takardar, ki yi aikin launi a bayanta. Ta gaba zai fito da laushi, tabon soso ma ba ya nunawa sosai. Ki fara goga soson a wata takarda don rage tawadar, sannan ki shigo daga gefe kina zagayawa a hankali, launi mai haske kafin mai duhu. Tawadar nan mai suna Distress ruwa ne tushenta, tana gaurayuwa da kyau amma tana daɗewa ba ta bushe ba, musamman da damina. Ki bar ta ta kwana. Ni dai na fi son tawada mai sinadarin alkohol, nan da nan take bushewa. Rubutun gaisuwar kuma ki buga da StazOn, wata tawadar hatimi mai kama takardar da ba ta shan tawada.

Idan za ki busar da tawadar da na'urar zafi, ki nisanta na'urar daga takardar, kada ki tsaya wuri ɗaya.

Wajen manna ta a kwalin katin kuma, gam yana fitowa ɓaro-ɓaro ta cikin belum. Ki ɓoye shi ƙarƙashin fure ko rubutu, ko ki naɗe bakin takardar zuwa bayan kwalin ki manne a can.