Tambaya da Amsa: Ina so mu huta kwana ɗaya a otal ɗin wurin wasanni, yaya zan tsara ranar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwar yara uku ce: babban shekararsa 9, mai bi masa tana da 5, autar kuma 2 da 'yan watanni. Mun daɗe muna tara kuɗi, yanzu Allah ya nufa za mu je wani babban wurin wasanni da shaƙatawa, ni da maigidana da yaran, kuma za mu kwana huɗu a otal ɗin da ke cikin wurin. Abin da ke damuna shi ne gajiya. Wata ƙawata da ta taɓa zuwa ta ce a galabaice suka dawo, yara na ta kuka, ita da mijinta ko magana ba sa yi wa juna. Ina so in ware rana ɗaya da ba za mu shiga wurin wasan ba, mu zauna a otal kawai, amma ina tsoron kada ya zama asarar kuɗi, ko yaran su tayar mini da hankali. Na riga na saya wa ƙananan balan-balan na hannu, irin wanda ake hura wa iska a zura a damtsen yaro don ya yi iyo, kuma an ce akwai masu ceto a wurin iyo. Burina su yi ta wasansu a ruwa, ni kuma in samu in runtsa ko da awa ɗaya ce. Don Allah a ba ni shawara.

Uwar yara uku

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ranar hutun nan ba asara ba ce. Na yi shekaru ina horar da masu ceto a wuraren iyo na otal-otal kafin in koma tsara wa iyalai tafiye-tafiye, kuma iyalin da ya dawo da fara'a kusan kullum shi ne wanda ya bar rana ɗaya babu layi, babu gaggawa. Abin da ya faru da ƙawarki ba baƙon abu ba ne: an sayi tikiti mai tsada, sai a ga dole a ci moriyarsa daga buɗe ƙofa har rufewa, yaro mai shekara biyu kuwa bai san zancen tikiti ba, jikinsa kawai ya sani.

Ki sa ranar hutun a tsakiya, wato rana ta uku, bayan kun yi kwana biyu ana yawo. Kada ki sayi tikitin shiga na wannan rana, kin ga ma an rage kashe kuɗi. Ki gaya wa yaran tun kuna gida cewa akwai “ranar otal”, ki bar babban ya zaɓi abu ɗaya da za a yi, 'yar shekara biyar ma ta zaɓi ɗaya. Yaron da aka shawarta ba ya jin an hana shi wani abu. A daren da ya gabata kada a kunna agogon tashi. Ku karya a makare, lokacin da jama'a suka riga suka kwarara cikin wurin wasan, za ki ga otal ɗin ya yi tsit. A shiga ruwa da hantsi, a fito kafin rana ta take, domin zafinta ya fi illa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Da azahar kowa ya koma ɗaki, a ja labule. Da yamma ku tambayi teburin karɓar baƙi jadawalin ranar, yawancin irin waɗannan otal-otal suna da filin wasan yara da wasu shirye-shirye na yamma, wasu ma ana hango wasan wuta na dare daga harabarsu ba sai an shiga cunkoso ba. A sauran kwanakin kuma ki tambaya ko baƙin otal na da damar shiga da wuri. A Walt Disney World da ke Florida, alal misali, ana buɗe musu ƙofa minti 30 kafin sauran jama'a. Ku shiga da sassafe, ku dawo ɗaki da rana, ku koma da la'asar. Amfanin kwana a cikin wurin ke nan.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Yanzu bari in zo kan jimlar da ta sa na ajiye sauran tambayoyi na fara da taki: balan-balan na hannu, masu ceto, da runtsawa awa ɗaya. 'Yar'uwa, don girman Allah kada ki yi haka. Ba laifinki ba ne, kusan kowane uba da uwa da na haɗu da su a bakin ruwa da wannan tunanin suke zuwa, kuma shi ne tunanin da ke cinye yara.

Mutane sun ɗauka wanda ruwa ke ci yana ihu, yana ɗaga hannu, yana fantsama ruwa. A fim ake yin haka. Wani tsohon mai ceto a bakin teku a birnin New York, Frank Pia, ya ɗauki hotunan bidiyo na mutanen da ke nutsewa da gaske kafin a ciro su, kuma abin da ya nuna shi ake koyar da masu ceto har yau. Mai nutsewa ba ya iya kira, domin ɗan lokacin da bakinsa ya leƙo sama bai ishe shi ya fitar da numfashi ya ja wani ba, balle ya yi magana. Ba ya iya ɗaga hannu, domin jiki da kansa yake tura hannuwan gefe yana danna ruwa ƙasa. Wannan fafutuka daƙiƙa 20 ce zuwa 60, ƙaramin yaro kuwa ya fi kusa da 20 ɗin. Daga nan sai ya yi ƙasa, shiru.

Na gani da idona a wani otal da na yi aiki. Yarinya ce kamar sa'ar taki ta tsakiya, a tsaye cikin ruwa, ta ɗan zarce inda ƙafarta ke taɓa ƙasa da taku ɗaya. Kanta ya karkata baya, gashi ya rufe mata ido, bakinta na shiga ruwa yana fita, ƙafafunta na motsi kamar mai hawa tsanin da babu shi. Babanta yana zaune a gefen, ƙafafunsa a cikin ruwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita biyu ba. Yana kallonta fa, yana murmushi, ya ɗauka wasa take. Sai da mai cetonmu ya faɗa ruwa ya ɗago ta, ta fara tari tana amai, sannan uban ya gane. Hannunsa na rawa har ya kasa riƙe tawul. Mutumin nan ba sakarai ba ne, ba a taɓa gaya masa yadda abin yake ba ne. Tun daga ranar nake gaya wa iyaye: yaron da ke wasa a ruwa yana da surutu. Da zarar kin ji shiru, ki duba. In kina shakka, ki kira sunansa ki tambaye shi ko lafiya. In bai amsa ba, ki ciro shi.

Sai balan-balan na hannu. Raina na ɓaci idan na ga yadda ake jera su a shagunan otal kamar kayan kariya, alhali a jikinsu, da ƙananan haruffan da ba mai karantawa, an rubuta cewa ba sa kare yaro daga nutsewa. Kayan wasa ne. Iska na fita daga cikinsu. Yaro ya ɗaga hannu sama ko ya yi tsalle cikin ruwa, sai su zame, musamman in an shafa masa mai. Ba sa juya fuskarsa sama in ya kifa. Mafi muni, suna koya wa yaro cewa ruwa na ɗauke shi, sai ranar da aka cire masa su don ya ci abinci ya ruga ya faɗa da wannan tabbacin. Haka tayar roba da ake zaunar da jariri a ciki: in ta kife, kansa ne a ƙasa, ƙafafu a sama. In kina son abin da zai taimaka, ki nemi rigar ceto ta gaskiya mai tambarin amincewar hukuma, daidai da nauyin yaron, mai maɗauri ta tsakanin cinyoyi. Ki ɗaura, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta haura haɓarsa ko kunnuwansa ta yi masa yawa. Otal-otal da dama na ba da aronta a bakin ruwa. Ita ma ɗin ba ta maye gurbin idonki ba.

Masu ceto kuma, ni na horar da su, ina girmama aikinsu, kuma don haka ne nake gaya miki iyakarsu. Ƙa'idar da wuraren wasan ruwa da yawa ke bi ita ce mai ceto ya kewaye yankinsa da ido cikin daƙiƙa 10, ya kai ga mai nutsewa cikin daƙiƙa 20. Wannan a takarda ke nan. A zahiri mutum ɗaya ne a kan kujera, gabansa yara da yawa na tsalle, hasken rana na dukan ruwa yana kashe masa ido, manyan tayoyin roba sun rufe abin da ke ƙarƙashinsu, ga wani baƙo ya tsaya yana tambayarsa ina ake karɓar tawul. Bai san autarki ba ta iya iyo ba. Bai san 'yarki mai shekara biyar na son bin yayanta zuwa wuri mai zurfi ba. Kuma akwai otal-otal da masu cetonsu ke tashi da yamma a bar ruwa a buɗe, an maƙala wani ɗan allo a bango cewa kowa ya shiga don kansa. Allon nan yana kare otal daga shari'a ne, ba ya kare yaron kowa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Amurka, inda wuraren iyo da masu ceto suka yi yawa, nutsewa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta ƙasar ke cewa ƙaramin yaro da duk wanda bai ƙware a iyo ba ya kasance inda hannun babba zai taɓa shi. Ba inda ido zai hango shi ba, inda hannu zai kai. Ko a ɗan kwamin jarirai da ruwansa bai wuce idon sawu ba, domin yaron da ya kifa a fuska 'yan santimita kaɗan sun ishe shi. 'Ya'ya amana ce, kuma amanar nan ba a miƙa ta ga balan-balan, ba a miƙa ta ga baƙon da ke kan kujera, ba a kuma ɗora ta kan yaro mai shekara 9. Kada ki ce wa babban ya kula da ƙannensa. Shi ma yaro ne, shi ma a kula da shi, ko da ya iya iyo.

To ina hutun naki? Yana nan, ta hanyar karɓa-karɓa. Ke da maigida ku raba aiki a fili, da baki. Inda aka fi samun hatsari shi ne inda manya suka yi yawa, kowa ya ɗauka wani na kallo. Wanda ke kan aiki yana cikin ruwa, autar a hannunsa, ta tsakiya kusa da shi, babu waya, babu hira. Bayan minti 15 ko 20 a yi canji, kuma mai karɓa ya furta: “Na karɓa.” In ɗayanku zai tafi ɗaki, to ya tafi da autar, kada a bar mutum ɗaya da yara uku a ruwa. Barcin awa ɗaya da kike so kuwa, ki yi shi da azahar a ɗaki, ƙofa a kulle, ko maigida ya kai manyan biyu filin wasa na tudu ke da autar ku kwanta. Wannan barcin ya fi daɗi nesa ba kusa ba, domin zuciyarki ba ta rabu biyu ba.

Na ce ƙofa a kulle da gangan. Yara ƙanana da yawa ba lokacin iyo suke faɗawa ruwa ba, lokacin da kowa ya ɗauka suna ɗaki ne. In an ba ku ɗaki a ƙasa mai ƙofar baya da ke fita kai tsaye zuwa wurin iyo ko tafkin ado, ki nemi a canja, ko ki tabbata akwai sakata a sama inda hannun autar ba ya kaiwa. In kuka nemi yaro kuka rasa, ruwa za a fara dubawa kafin ko'ina. Kayan iyonsu kuma ki zaɓi launi mai ƙyalli, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai haske. Shuɗi da fari suna ɓacewa a ƙarƙashin ruwa. Kwamin ruwan zafi ba na 'yan ƙasa da shekara biyar ba ne, kuma yaron da ke gudawa ba ya shiga ruwa sam.

Abu ɗaya da ya rage, wanda nake fata ba za ki taɓa buƙatarsa ba. In aka ciro yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana danna cikinsa ko ana juya shi ƙafa a sama wai don ruwa ya fita. Wannan tsohuwar al'ada ta cuci mutane da yawa. Iska yake buƙata, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, wani ya kira masu ceto da motar asibiti, a fara hura masa numfashi ta baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya iso. In kuma ya shaƙi ruwa ya farfaɗo da kansa amma yana ta tari, ko numfashinsa na sauri, ko wani irin barci na fizgarsa, a kai shi ga likita a ranar, kada a jira gari ya waye. Tunda akwai sauran lokaci kafin tafiyarku, ke da maigida ku nemi inda ake koyar da taimakon gaggawa ku yi rajista. Darasin 'yan awanni ne, kuma za a ba ku mutum-mutumin roba na jariri da na yaro ku gwada da hannunku.