Ƙarar filin fikilbol kusa da gidaje: me ya kamata a fara saya?

Tambaya: Ƙungiyar mazauna unguwarmu ta mayar da tsohon filin tanis zuwa filayen fikilbol (wasa mai kama da tanis) huɗu, kuma tazarar gida mafi kusa ba ta wuce mita 30 ba. Maƙwabta sun fara ƙorafi, kuɗinmu kuma ba su da yawa. Shin itatuwa za mu dasa, ko shingen tare sauti za mu saya, ko kuwa kayan wasan za mu sauya?

Amsa: Ƙorafin maƙwabtanku yana da tushe. Wannan wasa, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1965, ana yin sa ne da ƙwallon roba mai tauri da ramuka, ana buga ta da allo mai tauri, shi ya sa kowane bugu yake fitar da ƙara mai kaifi wadda kan kai kusan desibel 70 (ma'aunin ƙarfin sauti) a tazarar mita 30. Kunne ya fi jin haushin irin wannan "ƙwas-ƙwas" mai zuwa ba zato fiye da gurnanin motoci, balle yanzu da 'yan wasa 16 za su iya cika wurin da a da mutum huɗu ne iyakarsa.

Ku ajiye batun itatuwa, domin suna rufe wa ido ne kawai, sauti kuwa ratsa ganye yake yi.

Shawarata ita ce ku fara da kayan wasa, tunda su ne mafi araha. A 2023 hukumar USA Pickleball, mai kula da wasan a Amurka, ta buɗe rukunin kayan da aka tantance cewa ƙararsu ba ta da yawa, don haka ku wajabta amfani da allunan wannan rukuni. Akwai kuma ƙwallon soso, sai dai tashinta daban ne, kuma ƙwararrun 'yan wasa ba su cika son ta ba. Ku haɗa da ƙayyade lokacin wasa, wanda ba ya cin ko sisi.

Amma a tazara irin taku, da wuya ku tsira daga sayen shinge. Ku nemi labulen roba mai nauyi da ake ratayawa a jikin shingen waya da ya kewaye filin, tsayinsa ya kai mita 3 ko fiye, ya sauka har ƙasa ba tare da kafa ba, domin ƙaramar ɓula tana lalata aikin. Ka'idar ita ce, duk tagar da ake hango 'yan wasa daga cikinta, ƙara za ta isa gare ta, saboda haka masu gidan bene ba za su amfana sosai ba. Kafin ku biya kuɗi, ku sa injiniya ya duba ƙarfin turakun shingen, domin labulen yana tare iska, kuma guguwa ɗaya tana iya kayar da turakun da aka kafa don waya kaɗai.