Kafin ka sayi injin yankan itace

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce an yi maka tallar tsohon Stihl 070 na hannu, ga kuma sabon ƙaramin inji ɗan China wanda kuɗinka za su saya har ka yi rara, kana tambaya wanne za ka ɗauka. Ka kuma ce an ba ka aikin sare darbejiya uku a wani fili da tumɓuke kututturansu, don mai wurin zai haƙa harsashin gini, kana so ka ji ko sai an kira katafila.

Ka bar 070 ɗin nan. Inji ne na ƙwarai, amma ba naka ba ne. Ƙarfinsa ya kai cc 106, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ko an zuba mai ba. Na masu tsaga gungumen katako ne a daji, inda itace ke kwance a ƙasa, mutum ya tsaya da ƙafa biyu ya tura. Kai kuwa aikinka a cikin gari yake, darbejiya da mangwaro da turare tsakanin katanga da rufin kwano, rabin yini kana datse rassa. Kafin azahar hannunka ya mutu, kuma hannun da ya gaji shi ke kawo haɗari. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin 070 ba su da birkin sarƙa, wato abin da ke tsayar da sarƙar nan take idan injin ya yi tsalle. Ni ba na yarda yaron da ya fito daga hannuna ya riƙe injin da ba shi da birki.

Abin da ya dace da kai matsakaici ne. Idan kuɗi sun kai, Stihl MS 381 ko MS 382, masu cc 72, da harshe (ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai) mai inci 20, ko Husqvarna 365. Babu darbejiyar da za ta gagare su. Idan ba su kai ba, ka sayi ɗan China mai lamba 5200 ko 5800 ka fara da shi, ba abin kunya ba ne. Kayan gyaransa na da araha kuma ana samu, sai dai ka san igiyar tayarwa da famfon man sarƙa da kafireta su ne za su riƙa ba ka wahala. Wanda za ka guda shi ne ɗan jabu da aka yi wa fentin babban kamfani ana neman kuɗin na asali. In kuma na hannu za ka saya, ka sa a kwance salansa a gabanka ka leƙa fistin. Ka ga zane-zane a jikinsa, ka yi sallama ka tafi. Sannan ka ɗaga injin ta hannun igiyar tayarwa: mai lafiya zai riƙa sauka a hankali yana tsayawa, wanda ya gaji kuwa zai zube ƙasa nan take.

Yawancin injinan da ke mutuwa a hannun yara, mai ne ke kashe su. Injin nan ba shi da wurin baƙin mai, abin da ka haɗa cikin fetur shi kaɗai ke jiƙa fistin. Da man 2T mai kyau, ma'aunin Stihl da Husqvarna shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Na China sau da yawa suna neman mai ya fi haka yawa, ka duba takardar da ta zo da shi. Ka nemi sirinji ko kwalba mai awo, ka daina aune da ido. Ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka zuba, kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda a ajiye, kuma ka sayi fetur a gidan mai, don na 'yan bumburutu ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Tankin man sarƙa kuma, na san kowa baƙin man da aka juye daga mota yake ɗurawa. Yana ɗauke da garin ƙarfe, yana cin famfo da harshe, masu ƙera injin sun hana. Lokacin hunturu, matatar iska kullum da yamma za ka buɗe ka kaɗe.

Sarƙa ita ce aikin. Ka dubi abin da ke zubowa daga yanka: in ɓarɓashi ne manya-manya, sarƙa na da kaifi; in ya koma gari kamar na tuwo, ta dakushe, ka tsaya. Kada ka danna injin da ƙarfi, zafi kawai kake tara masa. Magagari mai zagaye na wasa haƙoran sarƙa ya kasance a aljihunka, mai milimita 5.2 don sarƙar Stihl mai lamba 3/8, mai 4.8 don mai lamba .325. Ka riƙe shi a kusurwar digiri 30, ka goga daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadi ɗaya, in ba haka ba yanka zai riƙa karkacewa. Itacen gari akwai ƙusa da waya da suka nutse a cikinsa, ka duba ɓawon kafin ka sa inji. Ka kiyayi saman bakin harshen: da ya taɓa reshe, injin zai yi tsalle ya nufo fuskarka kafin ka ƙifta ido. Babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, kada ka yi yanka sama da kafaɗa, kada ka hau tsani da inji a kunne. Hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, wandon kariya in ka samu. Riga mai faɗi ka bar ta a gida.

Wajen kayarwa ka san tsarin: a fara yanke baki a gefen da bishiyar za ta faɗi, sannan yanka ta baya, a bar tsiri kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen yana riƙe da shi. 'Yan kallo su matsa nisan tsawon bishiyar sau biyu. In akwai wayar lantarki kusa, ba ka fara ba sai an ɗauke wuta.

Sai maganar kututture. Kada ka yanke darbejiyar daf da ƙasa. Ka bar gungumen ya kai ƙirjinka, don shi ne hannun da za ka ja da shi. A haƙa da diga da shebur a zagaye, a buɗe saiwoyin, a datse su da gatari. Ina roƙonka kada ka sa injin a saiwa, yashi zai cinye kaifin sarƙar nan take. Da an datse na gefe, ka ɗaura sarƙar ja a saman gungumen, ka ɗaure cenbulok, wato na'urar jan kaya masu nauyi da sarƙa, a gindin wata bishiyar, a ja a hankali ana sare abin da ya rage. Ka bar wadda ta fi kauri ta zama ta ƙarshe, don ta zame maka madogara; ita kuma a ja ta da tarakta ko tifa. Kada kowa ya tsaya a layin sarƙar da ke ɗaure.

Kututture uku ba su isa a kira katafila ba, kuɗin hayarta da na dizal da na kawo ta za su cinye ribarka. In fili ne mai kututture da yawa, a nan ne za ka yi hayar mai haƙa irin JCB na yini guda, bayan ka gama sara ka kwashe rassa, don kada ta tsaya tana jiranka kana biya. Kafin a sa diga ko katafila, ka tambayi mai fili da maƙwabta inda bututun ruwa da waya da tsohon sokawe suka bi. Ka kuma tabbata ya karɓi izinin sara daga ma'aikatan gandun daji in ana nema a wurin.

Ramin da kututture ya bari shi ne inda ake cutar mai gini. Darbejiya tana tohowa daga saiwar da aka bari, wadda ta mutu kuma tana ruɓewa ta kira gara, ƙasa ta zauna, bango ya tsage bayan damina. Ka tsince duk wata saiwa mai kauri, kada ka mayar da ƙasar sama mai ganye da ɓawo. Ka kawo jar ƙasa, ka zuba kaurin kamar santimita 15, a yayyafa ruwa ta yi danshi ba ta zama taɓo ba, a daɓe da injin daɓe ƙasa ko madaɓin hannu, sannan a ƙara wani kaurin, har ramin ya cika. Ka kafa turaku a inda ramukan suke ka nuna wa magini, don ya zurfafa harsashinsa a wurin har ya tarar da ƙasar da ba a taɓa ba.

Cenbulok ɗina na nan a shago. Ka zo ka ɗauka ran Alhamis, ka taho da injin da ka saya in duba birkinsa.